Tsoron Estoniya na da dalili, amma mutumin Narva ba Kremlin ba ne

Tun daga 2023, duk ranar 9 ga Mayu abu ɗaya ake maimaitawa a bakin kogin Narva. A gaɓar gabas, a garin Ivangorod na Rasha, sai a kafa dandamali a gindin tsohuwar ganuwa, a ɗaura manyan allunan talabijin da lasifikoki, a juya fuskarsu zuwa ƙetaren ruwa. Waɗanda ake so su kalla ba su ma cikin Rasha. Suna gaɓar yamma, a Narva, birni na uku mafi girma a Estoniya, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na mazauna da Rashanci suke magana a gida.

Ta wannan ɓangaren kuma, gidan tarihin garin yakan rataya ƙaton ƙyalle a jikin ganuwar Narva, da hoton Putin da rubutun da ke kiransa mai laifin yaƙi. Tsakanin ganuwar biyu ruwa ne da bai fi a ƙwala kira a ji ba. Jama'a, yawancinsu tsofaffi, sai su jeru a bakin kogi suna sauraron waƙoƙin yaƙin duniya na biyu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake fassara wannan hoton. Wasu su ce ga shi nan, ƙaramar ƙasa ta samu ɗaurin gindin NATO tana gallaza wa Rashawa. Wasu su ce ai duk wanda ya fito bakin kogin ɗan leƙen asirin Mosko ne, a tattara su a tsallakar da su gada. Ni a ganina Estoniya tana da cikakkiyar hujjar tsoron gwamnatin Rasha, kuma tana da gaskiya a batun harshe da tsaro. Inda ta kauce hanya shi ne inda ta fara ɗora wa mutumin da aka haifa a Narva bashin da Kremlin, wato fadar gwamnatin Rasha, ta ci, musamman da ta ƙwace masa ƙuri'ar ƙaramar hukuma a 2025.

"Ai da can ƙasa ɗaya ce"

Wannan ita ce hujjar da aka fi saurin jefawa. Putin da kansa ya taɓo ta a watan Yunin 2022, lokacin da ya ce Sarki Peter na Rasha ba ƙwace ƙasa ya yi ba, maido da abin Rasha ya yi, har ya ambaci Narva da suna. Estoniya ta kira jakadan Rasha ta nuna masa ɓacin ranta.

Gaskiya ne Peter ya ci Narva da yaƙi a 1704, bayan sojojin Suwidin sun yi masa mummunan kaye a wurin a 1700. Tallinn, babban birnin Estoniya a yau, ta miƙa wuya a 1710, yarjejeniyar Nystad ta 1721 ta tabbatar wa Rasha yankin. Shekara ɗari biyu ke nan a ƙarƙashin sarakunan Rasha. Amma kafin su akwai Suwidin, akwai Denmak, akwai mayaƙan Jamus da suka shigo tun ƙarni na 13. In daɗewar mulki ce ke ba da mallaka, to masu layi suna da yawa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A duk tsawon zamanin sarakunan, wanda manomin Estoniya yake gani a kansa Bajamushe ne mai gandu. Peter ya bar wa waɗannan iyayen gijin filayensu da kotunansu da harshensu. Manoman sun kasance bayin gona har 1816 a arewa da 1819 a kudu. A shekarun 1840 dubban manoma suka koma cocin Otodoks na Rasha bisa jita-jitar cewa sarki zai ba su fili. Wato a lokacin, Rasha ake yi wa kallon mai ceto daga Bajamushe. Ko da aka zo shekarun 1880 Sarki Alexander na Uku ya tilasta Rashanci a makarantu da ofisoshi, har aka mayar da sunan Tartu zuwa Yuryev a 1893, babban abokin gabar da ke bakin mutane bai sauya ba.

Saboda haka masu cewa ƙiyayyar Rasha a jinin 'yan Estoniya take ba su karanta tarihin ba. Abin yana da ranar da ya fara.

Estoniya ta ayyana 'yancinta ranar 24 ga Fabrairun 1918, ta yi yaƙi da Jan Soja, wato rundunar Rasha ta Sobiyet, ta yi nasara. Ranar 2 ga Fabrairun 1920 aka sa hannu a yarjejeniyar Tartu, inda gwamnatin Lenin ta amince da 'yancin ƙasar, ta kuma yafe duk wani iko a kanta har abada. Har abadar nan shekara ashirin ta yi.

"Da sun zauna 'yan ba-ruwanmu, da ba wanda ya taɓa su"

Sun gwada. A 1939 Estoniya ƙasa ce 'yar ba-ruwanmu, ba ta cikin kowace ƙawance ta soja, tana kuma da yarjejeniyar rashin kai hari da Mosko tun 1932. Ranar 23 ga Agustan 1939 Molotov da Ribbentrop, ministocin harkokin wajen Sobiyet da Jamus ta Nazi, suka raba gabashin Turai a asirce, Estoniya ta faɗa kason Stalin. Ƙarshen Satumba aka tilasta mata karɓar sansanonin soja masu ɗaukar dakaru 25,000, adadin da ya fi nata sojojin yawa. Yunin 1940 aka mamaye ta gaba ɗaya, Yuli aka yi zaɓen da ba a bar 'yan adawa su tsaya ba, ranar 6 ga Agusta aka haɗe ta da Tarayyar Sobiyet.

Daren 14 ga Yunin 1941 aka bi gida-gida aka kwashe mutum kusan 10,000, aka zuba su a taragon dabbobi. A tashar jirgi ake raba maza da iyalansu: maza zuwa sansanin aikin dole, mata da yara da tsofaffi zuwa ƙauyukan Saberiya da yankin Kirov. A watan Maris na 1949 aka sake kwashe fiye da 20,000 cikin 'yan kwanaki, yawancinsu mata da yara, don a karya manoman da suka ƙi shiga gonakin gwamnati. Tsakanin waɗannan biyun, a kakar 1944, dubun dubata sun tsere ta teku zuwa Suwidin da Jamus. A ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan ɗaya da 'yan kai ba, da wuya ka samu gidan da abin bai shafa ba.

Shugaban ƙasa Konstantin Päts ya mutu a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Tver a 1956. Babban kwamandan soja Johan Laidoner ya mutu a kurkukun Vladimir a 1953. Sarƙar mulkin da aka cire wa Päts har yau tana ajiye a Mosko, an roƙa an gaji.

Matsayin gwamnatin Rasha har gobe shi ne Estoniya ta shiga Tarayyar Sobiyet ne da son ranta. Maƙwabcin da ya fasa maka gida, sannan ya dage cewa kai ka gayyace shi, yaya za ka kwana ba ka sa sakata ba? Shigar Estoniya NATO ranar 29 ga Maris na 2004 ba ta buƙatar wani dogon sharhi na makircin Amurka. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, balle a nan macijin yana nan da ransa: Jojiya a 2008, Kirimiya a 2014, Yukren gaba ɗaya a 2022.

Zancen 'yan Nazi

Ba za a share shi ba. Jamus ta mamaye Estoniya daga 1941 zuwa 1944. Yahudawa kusan dubu ɗaya da suka rage a ƙasar an kashe su, kuma akwai hannun 'yan sandan gida a ciki. A sansanin Klooga an kashe fursunoni kusan 2,000 a rana ɗaya a Satumbar 1944. Dubun dubatar 'yan Estoniya sun yi yaƙi cikin kakin Jamus, akasarinsu bayan kiran dole na 1944. Wasu dubun dubatar kuma suna cikin Jan Soja, tun kwasar da aka yi musu a 1941. Akwai gidajen da wa da ƙane suka fuskanci juna.

Amma ga abin da ke raba tunanin ɓangarorin biyu. Da Jamusawa suka janye a Satumbar 1944, 'yan Estoniya sun kafa gwamnati ƙarƙashin Otto Tief, suka ɗaga tutarsu a hasumiyar Tallinn. Jan Soja ya shigo ranar 22 ga wata, ya sauke wannan tutar, ya kama ministocin. Ga jikan sojan Sobiyet, ranar 'yantarwa ce. Ga jikan wanda aka kai Saberiya, ranar da wani mai mamaya ya karɓi wani ce. Kowannensu kakansa yake tunawa.

Wannan ne ya fashe a watan Afrilun 2007, da gwamnati ta ɗauke mutum-mutumin sojan tagulla daga tsakiyar Tallinn ta kai maƙabartar soja. Dare biyu ana tarzoma, mutum ɗaya ya mutu, an kama fiye da dubu. Sai kuma harin intanet na makonni a kan bankuna da ma'aikatu da jaridu, abin da ya sa NATO ta buɗe cibiyar tsaron intanet a Tallinn a 2008. A Agustan 2022 aka ɗauke tankar yaƙi samfurin T-34 da ke bakin hanya kusa da Narva, aka kai gidan tarihin yaƙi. A wannan karon ba a yi tarzoma ba. Mutane sun ajiye furanni da kyandir a inda take, suka koma gida. Wannan bambancin ya isa a lura da shi.

Daga ina Rashawan suka fito?

Kashi biyu ne, kuma rashin rarrabe su ke kawo ruɗani.

Na farko tsofaffin mazauna ne. A gaɓar tafkin Peipsi akwai ƙauyukan masu bin tsohuwar aƙidar Otodoks, waɗanda suka gudo daga tsanantawar cocin Rasha tun shekaru ɗari uku da suka wuce. Masunta ne da manoman albasa, albasarsu ta yi suna a ƙasar. A ƙidayar 1934 Rashawa kashi 8 ne cikin ɗari, 'yan ƙabilar Estoniya kashi 88. Waɗannan ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda.

Na biyu su ne waɗanda suka zo bayan 1944. Jiragen Sobiyet sun ragargaza tsohon garin Narva a watan Maris na wannan shekarar, kuma bayan yaƙi ba a bar akasarin mazaunansa na asali su dawo ba. Aka kawo ma'aikata daga sassan Tarayyar don masaƙar Kreenholm, wadda a ganiyarta take ɗaukar mutum fiye da 10,000, da ma'adinan wani dutse mai ɗauke da mai da ake ƙonawa a samu lantarki, da masana'antar yuraniyom ta Sillamäe, garin da aka rufe ba mai shiga sai da izini. A Tallinn aka gina unguwar benaye ta Lasnamäe. Zuwa ƙidayar 1989, 'yan ƙabilar Estoniya sun sauko zuwa kashi 61.5, Rashawa sun haura kashi 30.

A tsaya a auna wannan. Al'ummar da ba ta kai miliyan ɗaya ba tana kallon kanta tana shirin zama tsiraru a garin ubanta, cikin rayuwar mutum guda. A wancan tsarin ɗan Estoniya dole ya koyi Rashanci in yana son ci gaba, baƙon kuwa zai shekara arba'in bai san yadda ake gaisuwa da harshen gari ba, don ba abin da zai rasa.

A ɗaya hannun, matashiyar da aka turo daga wani ƙauye na Rasha a 1960 ta tsaya gaban injin saƙa ba ta zo mamaya ba. Takardar aiki aka ba ta da gado a ɗakin kwanan ma'aikata. A saninta, daga wani lardi na ƙasarta ta koma wani. Ba ita ta tsallaka iyaka ba, iyakar ce ta zo ta same ta a 1991.

Fasfo mai ruwan toka

Da Estoniya ta dawo da 'yancinta ranar 20 ga Agustan 1991, sai ta tsaya a kan cewa ba sabuwar ƙasa aka haifa ba, tsohuwar ce ta farfaɗo. A 1992 ta dawo da dokar zama ɗan ƙasa ta 1938: duk wanda yake ɗan ƙasa kafin mamayar Yunin 1940, da zuriyarsa, ɗan ƙasa ne, ko wace ƙabila ce. Saura sai su nema. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna suka wayi gari ba su da ƙasa. Wasu suka koma Rasha, wasu suka karɓi fasfon Rasha suka ci gaba da zama, wasu suka ci jarrabawa, wasu suka tsaya da takardar tafiya ta baƙi mai bango ruwan toka.

Yau masu wannan fasfon sun ragu zuwa wajen 60,000, masu fasfon Rasha kuma wajen 80,000, a cikin mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da ɗoriya. Akasarin masu jin Rashanci 'yan ƙasa ne cikakku. Magajin garin Tallinn daga 2019 zuwa 2024, Mihhail Kõlvart, daga cikinsu ya fito, haka wanda ya gaje shi, Jevgeni Ossinovski. Duk mai kiran wannan tsarin wariyar launin fata irin ta Afirka ta Kudu sai ya bayyana mana yadda aka yi haka.

Sharuɗɗan neman zama ɗan ƙasa a bayyane suke. Zaman shekara takwas da izini, biyar daga ciki na dindindin. Halastacciyar hanyar samun kuɗi. Jarrabawar harshe a matakin B1, wato sauraro, karatu, rubutu da magana daidai na harkar yau da kullum. Jarrabawar kundin tsarin mulki da dokar zama ɗan ƙasa: tambaya 24 ta zaɓi-ɗaya, ana buƙatar 18, kuma ana barin mutum ya duba kundin a ɗakin jarrabawa. Sai rantsuwar biyayya. Wanda ya kai shekara 65 an ɗauke masa ɓangaren rubutu. Tun farkon 2016, yaron da marasa ƙasa suka haifa yana samun zama ɗan ƙasa kai tsaye sai in iyayen sun ƙi.

To me ke hana sauran? Abu uku.

Harshen kansa ba wasa ba ne. Ba dangin Rashanci ba ne ko kaɗan, ɗan'uwan harshen Finlan ne. Suna ɗaya yana sauya ƙarshensa har hanyoyi 14. Bahaushe ya san yadda jan wasali ke sauya ma'anar kalma, to su mataki uku gare su: gajere, dogo, da wanda ya fi dogo. Sannan a Narva da wa za ka gwada? Mai shago, direban bas, maƙwabci, duk Rashanci. Mutum ya yi kwas na wata shida, ya fito, cikin shekara ya manta.

Na biyu lissafi ne, kuma masu kare Rashawan ba su son a faɗe shi. Mai fasfo ruwan toka yana shiga ƙasashen Turai na yankin Schengen ba biza, kuma tun 2008 yana shiga Rasha ba biza, abin da ɗan ƙasa ba ya samu. In namiji ne, ba ya shiga aikin soja na dole. Fansho da asibiti duk yana samu. Ga mai 'yar'uwa a birnin Pskov na Rasha ko kabarin uwa a Ivangorod, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku zuciya ce. Ranar 3 ga Maris na 1991 an yi ƙuri'ar raba-gardama kan 'yanci, aka bar duk mazaunin dindindin ya jefa. Kusan kashi 78 suka ce e. 'Yan ƙabilar Estoniya ba su kai wannan adadin ba, don haka wani kaso na masu jin Rashanci ya zaɓi rabuwa da Mosko. Shekara ɗaya bayan nan aka ce musu su baƙi ne, su zo su rubuta jarrabawa. Akwai dattawan da har yau wannan ne ke cinsu.

Makaranta: a nan ina tare da gwamnati

Shekara talatin ana tafiyar da makarantu iri biyu da kuɗin gwamnati, na Estoniyanci da na Rashanci. Sakamakon jarrabawar PISA, wadda ake auna ɗaliban ƙasashe da ita, ya sha nuna ɗaliban makarantun Rashanci suna baya da kusan shekara guda ta karatu. Tsarin da aka kawo a 2011, na koyar da kashi 60 na darussan babbar sakandare da Estoniyanci, ya zo wa yaro a makare: yana shekara 16 za a fara koya masa tarihi da harshen da bai iya ba. Sai ya gama, jami'ar gwamnati da aikin ofis su gagare shi, ya koma ma'adinai ko ya bar ƙasar.

A Disambar 2022 majalisa ta zartar da komawa Estoniyanci gaba ɗaya. An fara ranar 1 ga Satumbar 2024 da makarantun renon yara da aji ɗaya da aji huɗu, kowace shekara ana ƙara azuzuwa, da niyyar kammalawa zuwa 2030. Malamin da zai koyar da Estoniyanci sai ya kai matakin C1, wato ƙwarewa mai zurfi a harshen. Don jawo malamai zuwa lardin Ida-Viru, inda Narva take, an ninka musu mafi ƙarancin albashi sau ɗaya da rabi.

Matsalolin a fili suke. Malaman da suka shekara ashirin suna koyar da lissafi sun rasa aji saboda takardar harshe. Waɗanda za su maye gurbinsu ba su isa ba. Yaron aji huɗu da ya yi shekara uku da Rashanci ya wayi gari ba ya gane allo, uwarsa kuma ba za ta iya taya shi aikin gida ba. Masu buƙata ta musamman su suka fi shan wuya. Duk wannan gaskiya ne, kuma laifin gaggawa ne bayan dogon sakaci. Amma barin yaro ya girma bai iya harshen kotu da jami'a da majalisar ƙasarsa ba, da sunan kare masa al'ada, cuta ce. Rashanci yana da masu magana fiye da miliyan ɗari a ƙetaren kogi, ba zai mutu ba. Estoniyanci yana da miliyan ɗaya kacal, kuma nan ne kaɗai gidansa.

Iyakar da ba a gama sa wa hannu ba

A ƙarƙashin yarjejeniyar Tartu, Ivangorod kanta da yankin Petseri a kudu suna cikin Estoniya. Stalin ya yanke su a 1944 da 1945, wajen kashi 5 na ƙasar. Estoniya ta haƙura da su. An sa hannu a yarjejeniyar iyaka a Mayun 2005, majalisar Estoniya ta ƙara ambaton Tartu a gabatarwar dokar amincewa, Mosko ta janye sa hannunta. Aka sake sa hannu a Fabrairun 2014, da jimlar cewa ba mai neman ƙasar wani. Har yanzu ba a tabbatar da ita ba.

Abin da ke faruwa a wannan layin shi ke hana Tallinn barci. A Satumbar 2014 jami'an Rasha suka kama ɗan sandan tsaron cikin gida Eston Kohver a bakin iyaka, sai bayan shekara aka yi musayarsa a kan wata gada. A Mayun 2024 masu gadin iyakar Rasha suka fito da dare suka kwashe alamomi 24 da Estoniya ta jera a kan kogin Narva don masunta su san inda ruwansu ya tsaya. Ranar 19 ga Satumbar 2025 jiragen yaƙi uku samfurin MiG-31 suka shafe minti 12 a sararin samaniyar ƙasar.

Wanda ke biyan kuɗin wannan duka shi ne mai tsallaka gada da ƙafa. Tun Fabrairun 2024 mota ba ta bin gadar Narva, an jera tubalan kankare a kanta, da dare kuma a rufe take. Layi kan ɗauki sa'o'i, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, ana buɗe jaka ɗaya bayan ɗaya saboda takunkumi. Yawancin masu layin ba 'yan siyasa ba ne, masu zuwa jana'iza ne da duba tsohuwa.

Ƙuri'ar da aka ƙwace

Kundin tsarin mulki na 1992 ya yi wata hikima da maƙwabciyarta Latbiya ba ta yi ba: ya bar duk mazaunin dindindin ya zaɓi kansilolinsa, ko ba ɗan ƙasa ba ne. Ba zai zaɓi majalisar ƙasa ba, ba zai tsaya takara ba, amma yana da baki a kan wanda zai gyara titi da bututun ɗumama gida. A Yulin 1993 Narva da Sillamäe sun yi ƙuri'ar neman cin gashin kai, kotu ta soke ta. Abin da ya kwantar da ƙurar, a ganina, shi ne zaɓen ƙananan hukumomi da ya biyo baya a watan Oktoba, inda mutane suka ga akwai wata ƙofa a buɗe.

Ranar 26 ga Maris na 2025 majalisa ta rufe ƙofar, da ƙuri'a 93 cikin 101. 'Yan ƙasashen da ba na Tarayyar Turai ba, waɗanda akasarinsu masu fasfon Rasha da Belarus ne, sun rasa ƙuri'a nan take. Masu fasfo ruwan toka aka bar su su jefa ta ƙarshe ranar 19 ga Oktoba.

Hujjar masu gyaran ba ta banza ba ce. Sun ce ɗan ƙasar da ke yaƙar maƙwabtanta bai kamata ya zaɓi mai mulkin garin iyaka ba, kuma wakilan ƙananan hukumomi suna shiga zaɓen shugaban ƙasa in majalisa ta kasa. Sun ce mai son ƙuri'a ya ajiye fasfon Rasha.

Ajiye shi ba kamar cire riga ba ne. Dokar Rasha ba ta sakin mutum sai ya nuna ba a binsa haraji ko wani nauyi na gwamnati, kuma yana da tabbacin wata ƙasar za ta karɓe shi. Estoniya kuma ba ta ba mai nema zama ɗan ƙasa alhali yana riƙe da wani fasfon. Dole mutum ya bi ta ofishin jakadancin da ma'aikatansa suka ragu tun da ƙasashen biyu suka sallami jakadun juna a farkon 2023. Tsohon da ya karɓi fasfon Rasha a 1994 don ya riƙa ziyartar ƙanwarsa, yanzu yana shekara 75, wannan hawan ya fi ƙarfinsa.

Na masu fasfo ruwan toka ya fi ɗaure kai. Ba 'yan Rasha ba ne. Ba su da wata ƙasa sai wadda suke biya wa haraji. Wace barazana aka kawar da aka hana su zaɓen kansila? In mutum ɗan leƙen asiri ne, akwai 'yan sandan tsaro da kotu, kuma Estoniya ta nuna ta iya kama su, har da waɗanda 'yan ƙabilar Estoniya ne tsantsa masu manyan muƙamai, irin Herman Simm na ma'aikatar tsaro da aka ɗaure a 2009. Fasfo bai taɓa zama ma'aunin amana ba.

Kuma a duba abin da mutumin Narva yake gani da idonsa. Yana kallon Ivangorod kullum, ya san fanshon can da titin can. Shi ya sa duk waƙoƙin 9 ga Mayu ba su sa ya tattara kaya ya koma ba. Abin da ke damunsa shi ne Kreenholm ta rufe a 2010, ma'adinai suna raguwa, lardinsa ne kan gaba a rashin aiki, 'ya'yansa sun tafi Tallinn ko Helsinki. Gidan talabijin na gwamnati mai Rashanci, ETV+, sai 2015 aka buɗe shi, bayan an bar wa tashoshin Mosko falon mutane shekara ashirin da huɗu. Yanzu an ba waɗannan tashoshin labarin da ba sai sun ƙara masa gishiri ba.

Gyaran kundi ba ya komawa baya da sauƙi, amma dokar zama ɗan ƙasa tana hannun majalisa. Za a iya cewa duk mai fasfo ruwan toka da aka haifa a Estoniya, ko ya zauna tun kafin Agustan 1991, ba shi da laifi a kotu kuma bai yi aiki da hukumomin tsaron Sobiyet ba, ya yi rantsuwa da gajeriyar hira ta baki ya karɓi fasfo. Mutum 60,000 ne, da yawansu sun manyanta, ba za su sauya harshen ƙasa ba balle iyakarta. Zaɓen ƙananan hukumomi na gaba yana 2029.